Kiyaye Fuskar Gine-ginen Zamanin Auduga a Funtuwa da Malumfashi

Tun da layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙaurar Namoda a 1929, auduga ta zama ƙashin bayan arzikin kudancin ƙasar Katsina. Kamfanin BCGA ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Daga shekarun 1950 zuwa 1960 En'e da Gwamnatin Jihar Arewa suka gina makarantu da ɗakunan shan magani da ofisoshi da gidajen ma'aikata a wannan yanki. Waɗannan gine-gine su ne nake jan hankalin malamai da dattawa a kansu, domin gyaran da ake yi musu na shafe kamanninsu.

Wanda ya lura zai ga maginan wancan zamani sun yi aiki da yanayin ƙasarmu. Sukan ɗora harsashi da dutse, su tayar da bango da marmara ko jan bulo, wani lokaci ba tare da yaɓe ba. Sukan sa baranda mai faɗi wadda ke kare bango daga rana da feshin ruwa, da tagogi masu luba, da bulo mai huda wanda iska ke ratsawa. Irin wannan dabara ce Maxwell Fry da Jane Drew suka bi a ɗakin karatu na Jami'ar Ibadan a shekarun 1950. Ke nan fuskar ginin ba ado ba ce kurum, ita ce ke sanyaya ɗaki a lokacin bazara.

A tsawon aikina na gwamnati na ga ajujuwa da dama waɗanda aka toshe musu bulo mai huda, aka lulluɓe jan bulo da siminti da fentin mai, aka sa tagogin gilashi masu zamewa. Illar haka iri biyu ce. Ta farko, taga mai zamewa rabinta kawai ke buɗuwa, sai aji ya yi zafi, yara su riƙa gyangyaɗi da hantsi. Ta biyu, yankinmu ya fi arewacin jihar samun ruwan sama. Danshin da ke hawowa daga ƙasa, idan fentin mai ya hana shi fita, sai ya kumbura yaɓen ya ci bangon ta ciki.

Akwai izina a Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19. A shekarun 1970 an rufe shi da sabon gini. Bakunan ciki sun tsira, amma fuskarsa ta waje ta ɓace wa masu zuwa.

Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta nuna cewa a mutunta kayan asali, kuma abin da aka musanya ya dace da tsohon, amma a iya bambance su. A aikace, ga abin da nake ba da shawara. A ɗauki hoton kowace fuska kafin a taɓa ta. A fara da gyaran rufi da indararo, domin ruwa ne babban abokin gabar bango. A wanke dutse da bulo da ruwa da buroshi, a cike gaɓoɓin da suka zube, a musanya abin da ya ruɓe kaɗai. Rufin asbesto ne kawai ya wajaba a sauke idan ya farfashe, a jiƙa shi tukuna, domin ƙurarsa na cutar da huhu.

Doka ta 77 ta 1979 ta ba Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ikon kare ginin da aka ayyana. Wanda ba a ayyana ba kuwa, amanarsa na hannun shugabannin makarantu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da iyayen ƙasa, Sarkin Maska da Galadiman Katsina. Ya kamata a rubuta sharaɗin kiyaye bangon waje cikin takardar kwangila tun kafin ɗan kwangila ya sauke yashi.