Gidan Raino a Dutse: Abin da Ya Kamata Uwa Ta Duba Kafin Ta Miƙa Ɗanta

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama garin ma'aikata. Sakatariya ta jawo mutane daga Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim, sannan Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 da Asibitin Rasheed Shekoni suka ƙaro malamai, ɗalibai da ma'aikatan jinya. Da yawansu mata ne masu goyo, kuma sun baro kaka da gwaggo a can gida. A da, tsohuwa ce ke karɓar jariri idan uwa za ta fita. Yanzu matar da ke zaune a Takur ko Fatara, uwarta tana Malam Madori, dole ta nemi wadda za ta biya ta riƙe mata.

Lissafin ma ba ya yi wa uwa daɗi. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ba mai haihuwa hutun mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa a shayar da nono zalla har wata 6. Ke nan jariri yakan shiga hannun mai raino tun wuyansa bai gama tsayawa ba.

Abu na farko da za ki ƙirga shi ne kawuna. Yara nawa ne a gidan, manya nawa ke kula da su? A Ingila, ƙa'idar mai raino a gidanta ita ce kada yaran da ba su kai shekara 8 ba su wuce shida, kuma a bisa al'ada ɗaya kacal ne zai kasance bai cika shekara ba. Ba a ce lallai mu kwafi nasu ba, amma hankali ma ya isa: mace ɗaya da jarirai biyar, idan biyu suka fara kuka a tare, na uku kuma ya yi rarrafe ya nufi murhu, hannunta biyu ne. Ki tambaya ko 'ya'yanta na cikin lissafin. Ki kuma tambayi wanda ke zama da yaran idan ta tafi kasuwa ko gidan biki. Sau tari amsar ita ce wata 'yar aiki mai shekara goma sha biyu, wadda ita kanta raino take buƙata.

Kada ki tsaya a falon da aka share saboda zuwanki. Ki leƙa tsakar gida. Rijiya a rufe take? Akwai bokiti ko baho cike da ruwa a ƙasa? Yaro mai koyon tafiya nauyin kansa yakan rinjaye shi, ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi, kuma ba a jin ƙara. Ki duba inda ake ajiye kalanzir da fiya-fiya, musamman idan a robar lemo aka zuba. Ki ga inda janareta yake, kada hayaƙinsa ya shiga ɗakin barci. Zafin Dutse a watan Afrilu kuwa ba sai an faɗa ba. Ɗakin da babu taga biyu ko fanka, jariri zai sha wuya, kuma lokacin ne sanƙarau ke yawo inda aka cunkushe.

Akwai maganar da iyaye ke jin nauyin yi, ita ce ta maganin barci. Idan kullum kika zo ɗaukar ɗanki kika tarar da shi a langaɓe, ya ƙi kama nono, gidan kuma tsit kamar babu yara, ki bincika. Gidan raino mai lafiya ba ya rasa hayaniya. Ki faɗa tun ranar farko cewa ba a ba ɗanki komai sai abin da kika kawo: ba maganin tari, ba jiƙo, ba zuma. Zumar nan da muke ɗauka waraka ce, likitoci sun hana a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba, saboda ƙwayar cutar da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Nonon da kika tatsa kuma, idan babu firij, kada ya wuce awa huɗu a ajiye, a zafinmu ma gara ƙasa da haka.

Mai rainon da ta nemi ganin katin rigakafin ɗanki, ki riƙe ta da kyau, domin alama ce ta nemi na sauran. Bayan mashaƙon da ya addabi Kano da maƙwabtanta a 2023, wannan ba fitina ba ce. Ki ji kuma yadda take yi da yaron da ya zo da zazzaɓi ko gudawa: ana mayar da shi gida, ko ana kwantar da shi tabarma ɗaya da naki?

Game da kuɗi, ku yi magana a fili gaban maigida ko wata shaida: nawa ne a wata, ƙarfe nawa ake ɗauka, wa ke kawo famfas da kunu, wa aka yarda ya zo ɗaukar yaro. Ɗan acaɓar da ba a san shi ba kada a miƙa masa, ko da ya ce Hajiya ce ta aiko shi, sai an kira ki.

Kafin ki biya, ki nemi lambar iyaye biyu da suka taɓa kai yaransu, har da wadda ta cire nata. Bayan kin fara kaiwa, wata rana ki faɗo gidan da azahar ba sanarwa. Wadda ta haɗe rai don kin zo ba zato, kin samu amsarki; wadda ta ce "Maman Amira, shigo mana, yanzu ya yi barci," ki shiga ki duba ko a rigingine aka kwantar da shi, cikin gidan sauro.