Shin Sinadarin Ciki Yana Nuna Namiji Ne Ko Mace?

A gidajenmu mun saba jin iyayenmu mata na cewa wadda laulayi ya kayar, ɗiya mace za ta haifa. Maganar tana da ɗan tushe, amma ba ta kai yadda muke ɗaukarta ba.

Da zarar ciki ya shiga, mabiyiya takan fara fitar da wani sinadari da likitoci ke kira hCG. Shi ne abin da gwajin fitsari ke ganowa a ce mace tana da juna biyu. A makonnin farko yakan ninka duk bayan kwana 2 zuwa 3, ya kai ƙololuwa wajen mako na 10, sannan ya sauko.

Binciken likitoci ya nuna cewa idan aka haɗa masu ciki da yawa aka auna, wannan sinadari ya ɗan fi yawa a jinin masu ɗauke da ɗiya mace. Haka kuma a 1999 wani bincike a ƙasar Suwidin ya gano cewa cikin matan da amai mai tsanani ya kwantar a asibiti a farkon ciki, kusan kashi 56 cikin 100 mace suka haifa. To, mu lura: saura 44 maza suka haifa. Ga mace guda, wannan lissafi bai fi canki-canka da yawa ba.

Dalili kuwa, bambancin da ke tsakanin wannan mace da waccan ya ninka wanda jinsin jariri ke kawowa. Tagwaye na ɗaga sinadarin, kuskuren lissafin kwanakin ciki na rikita awon, akwai ma cikin da ya lalace da ke ɗaga shi fiye da kima. Hoton ciki daga mako na 18 zuwa 22 ya fi shi nuna jinsi nesa ba kusa ba. Shi kuwa jinsin, tun ranar da ciki ya shiga ya tabbata, da ikon Allah, daga irin ƙwayar halittar da maniyyin miji ya kawo. Saboda haka masu zargin matansu kan haihuwar ƴaƴa mata ba su da hujja.

Abin da ya fi damunmu shi ne mai cikin da ko ruwa ba ya zama a cikinta, tana ramewa, fitsarinta ya ragu ya yi duhu, ana ce mata ta yi haƙuri, ai alamar mace ce. Wannan ciwo ne mai ƙarar da ruwan jiki. A kai ta asibiti a ranar, domin wataƙila sai an yi mata ƙarin ruwa.