Daɓen Tsakar Gida Mai Ƙarko: Abin da Ke Ƙarƙashi Shi Ne Aikin

Tsakar gida ita ce wurin da ya fi kowane sashe na gida shan aiki, domin a nan ake girki da wanki da shanya, a nan yara ke wasa, a nan kuma iyali ke shimfiɗa tabarma idan zafin bazara ya hana zaman ɗaki. Wannan ya sa magidanta da yawa suke kashe kuɗi wajen daɓe ta da kankare ko da tubalan siminti masu sarƙe juna, waɗanda aka fi sani da intalok, amma sau da yawa ba a cin damina biyu sai a ga wurin ya lotsa, ruwa yana kwanciya, ciyawa ta fito. Galibi ana ɗora laifin a kan tubalin da ido ke gani, alhali ƙarkon daɓe ya dogara ne ga abin da aka binne a ƙarƙashinsa da kuma hanyar da aka yi wa ruwa.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan, tun kafin zuwan siminti. A daɓen gargajiya, wanda yawanci mata ke yi ta hanyar gayya, akan baza birji, wato jar ƙasa mai tsakuwa, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi har ƙasar ta haɗe, sannan a shayar da ita ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko ruwan bagaruwa, domin ta yi tauri ta kuma jure jiƙa. Intalok kuwa ya yaɗu ne daga ƙasar Holan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka shiga ƙarancin jan bulon shimfiɗa tituna, aka koma yin tubala da siminti. Duk da bambancin asali, hanyoyin biyu sun haɗu a kan ƙa'ida guda, wato ƙasar da ba a danne ta da kyau ba za ta danne kanta daga baya, ta kuma tafi da duk abin da aka ɗora mata.

Matakin farko shi ne sanin irin ƙasar gidan. Jigawa mai rairayi tana tsotse ruwa da sauri, jar ƙasa tana ɗaukar nauyi idan ta dannu, amma baƙar laka irin ta fadama, da firkin da ake samu a yankin Tafkin Chadi, tana kumbura da damina ta tsage da rani, don haka tana bukatar haƙa mai zurfi da ciko mai kauri. Kowace iri ce ƙasar, wajibi ne a kwashe ta saman da ke ɗauke da saiwoyi da shara, domin za su ruɓe su bar rami. Haka kuma inda aka taɓa haƙa rijiya ko masai ko ramin bututu aka cike, dole a sake danne shi, saboda a irin waɗannan wurare ne daɓe ke fara nutsewa. Ga wurin da mutane kawai za su taka, haƙar santimita 20 zuwa 25 ta wadatar, amma inda mota za ta tsaya sai an ƙara zurfi.

Tun a wannan mataki ake fitar da gangara, wato ɗan karkacewar da za ta sa ruwa ya gudu da kansa. Ƙa'idar da magina ke bi ita ce daɓe ya sauka kimanin santimita 1.5 zuwa 2 a kowace mita, ya juya wa ɗakuna baya ya nufi kwata ko magudana, kuma ana auna hakan da turaku da igiya da siririn tiyo mai ruwa. Yana da kyau saman daɓen ya kasance ƙasa da daɓen ɗaki da kimanin santimita 15, domin idan suka yi daidai, mamakon watan Agusta zai shiga ɗaka ko ya jiƙa gindin bango har fenti ya riƙa ɓarewa. Ruwan indararo ma a yi masa hanyarsa, don kada ya riƙa dukan wuri guda.

Bayan haka sai tushe, wanda ake yi da birji mai kyau ko fasasshen dutse haɗe da garinsa, kaurin santimita 10 zuwa 15. Ba a zuba shi gaba ɗaya, sai dai kashi-kashi, ana yayyafa ruwa daidai yadda zai yi danshi ba caɓi ba, ana danne kowane kashi da inji mai girgiza ko da madaɓin ƙarfe mai nauyi kafin a ƙara wani. A kan tushen ake baza yashi mai kaushi ko garin dutse, kaurin santimita 3 zuwa 5, a share shi da miƙaƙƙen katako. Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne cike kwarin tushe da ƙarin yashi, domin yashin da ya yi kauri a wani wuri ya yi siriri a wani ba ya nutsewa daidai. Akwai kuma al'adar shimfiɗa leda don hana ciyawa, wadda amfaninta kaɗan ne, tun da yawancin ciyawar daga irin da iska ke zubawa a tsakanin tubala take tsirowa, ledar kuma tana riƙe ruwa a cikin yashin.

Tubali mai kaurin santimita 6 ya isa wurin zama da tafiya, amma hanyar mota tana bukatar mai santimita 8, kuma jerin da aka yi a karkace kamar ƙayar kifi ya fi jure juyin taya. Araha ba ta ado a nan, domin tubalin da aka yi wa ƙwauron siminti ko aka sayar kafin ya ƙosa yakan marmashe da zarar an goga shi da ɗan'uwansa. Kafin a fara jeri, sai an kafa shingen kankare a gefuna, domin shi ke hana tubalan buɗewa, sannan a bar tazarar milimita 2 zuwa 5 a tsakaninsu, a share busasshen yashi mai laushi ya cika tazarar, a bi da inji. Wannan yashin shi ne ke rarraba nauyi daga tubali zuwa maƙwabtansa, don haka ya kamata a riƙa ƙara shi duk lokacin da shara da ruwan sama suka rage shi.

Wanda ya zaɓi zuba kankare kuwa, haɗin da aka saba shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a kaurin santimita 10, ba tare da cika ruwa don sauƙin aiki ba. Siminti ba bushewa ke ƙarfafa shi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, shi ya sa ake shayar da shi aƙalla kwana 7, musamman a lokacin hunturu da iska ke busar da shi da wuri, kuma ba a lissafa cewa ya ƙosa sai bayan kwana 28. Saboda zafin rana da sanyin dare suna sa shi miƙewa da tsukewa, ana tsaga masa layi a kowace mita 3 ko ƙasa da haka, domin ya tsage a inda aka tsara masa.

Daga ƙarshe, bishiyoyin inuwa irin su darbejiya da mangwaro suna bukatar a bar musu fili a gindi, domin saiwarsu na ɗaga daɓe, rufe su ruf kuma na hana su ruwa. A nan intalok ya fi kankare sauƙin gyara, tun da ana iya cire tubalan, a daidaita ƙasa, a mayar da su. Saboda haka magidancin da ke son aikinsa ya daɗe, ranar haƙa da ranar danne tushe ya fi kamata ya tsaya a kan ma'aikata, domin da zarar an jera tubala, babu sauran hanyar ganin abin da aka yi a ƙasa sai damina ta bayyana shi.