Ƙiba, Ciwon Suga da Mura Mai Tsanani: Yadda Ake Gane Haɗari Tun da Wuri

Kowace shekara idan hunturu ya kankama, mura kan zagaya unguwannin Yamai. Mafi yawan mutane sukan tashi bayan kwana biyar ko mako guda. Wasu kuwa ƙwayar cutar takan sauka cikin huhunsu, numfashi ya gagara, sai an sa musu oksijin. Tambayar da likita yake fuskanta tun ranar farko ita ce: cikin masu tarin nan, wa za a sallama ya koma gida, wa kuma ya kamata a riƙe?

Tambayar ta ƙara nauyi daga ranar 19 ga Maris 2020, lokacin da aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijar. Cibiyar CERMES, wadda ta daɗe tana bin diddigin murar infuluwenza a ƙasar, ita ta ɗauki aikin gwaji, yayin da Hôpital Général de Référence ya karɓi waɗanda cutar ta yi wa tsanani. Gadajen kulawa ta musamman ba su da yawa, saboda haka gane mai haɗari tun da wuri ya zama batun rai da mutuwa.

Tun a annobar murar H1N1 ta 2009 likitoci suka lura cewa masu ƙiba sun fi shan wahala. Korona ta ƙara fito da abin fili. Wani nazari na Jami'ar North Carolina a Amurka, a 2020, ya nuna cewa ƙiba ta ninka yiwuwar kwanciya asibiti, ta kuma ƙara haɗarin mutuwa da kashi 48 cikin ɗari. A Ingila, kusan ɗaya cikin uku na waɗanda korona ta kashe a asibiti a zagayenta na farko masu ciwon suga ne.

Dalilin haka yana cikin jiki. Teɓa takan danne huhu daga ƙasa, ta hana shi buɗewa sosai, musamman idan mutum ya kwanta rigingine. Kitsen ciki kuma yana fitar da sinadarai masu hura kumburi a hankali, shekara da shekaru. Idan cuta ta shigo, sai kumburin ya wuce kima har ya lalata huhun da ake son karewa. Suga mai yawa a jini yana rage ƙarfin ƙwayoyin da ke yaƙar cuta, yana illata jijiyoyi, jini kuma ya riƙa saurin daskarewa.

Hasashe yana farawa ne tun mutum yana da lafiya, da kayan aiki masu araha. A auna nauyi da kilo, a raba shi da tsawo a mita sau biyu: wanda ya kai 25 ya haura kima, wanda ya kai 30 yana da ƙiba. Mutum mai kilo 90 da tsawon mita 1.70 ya wuce 31. Igiyar awon tela ma tana da amfani: ƙugun da ya kai santimita 94 ga namiji, ko 80 ga mace, gargaɗi ne. Sai gwajin suga da safe kafin a ci komai; idan ya kai giram 1.26 a lita har sau biyu, ciwon suga ne. A haɗa da shekaru, hawan jini da ciwon ƙoda, za a san matsayin mutum.

Idan cuta ta kama, awo na biyu ya zo. A ƙirga numfashi a minti guda: fiye da 30 ga babba alama ce ta tsanani. Ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana nuna yawan oksijin a jini. Ƙasa da 94 abin damuwa ne, ƙasa da 90 kuwa gaggawa ce. Amma akwai abin lura da ya shafe mu kai tsaye: binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya gano cewa na'urar takan nuna adadi sama da gaskiya a baƙar fata. Don haka wanda ke haki, ko hankalinsa ya fara gushewa, a kai shi asibiti ko da na'urar ta ce lafiya. A can za a duba jini, a ga alamar kumburi ta CRP da lafiyar ƙoda. Irin waɗannan alamomi ne masana a Birtaniya suka tara cikin ma'aunin 4C, wanda ke ƙiyasta haɗarin mutuwa ga masu korona.

Sanin ciwon suga yana shafar magani ma. Dexamethasone, wanda aka tabbatar a watan Yunin 2020 cewa yana ceton masu korona da ke buƙatar oksijin, yana tayar da suga, sai an riƙa aunawa.

Babbar matsalarmu ita ce fiye da rabin masu ciwon suga a Afirka ba su san suna da shi ba. Ga shi kuma a al'adarmu ƙiba alamar hutu ce; wanda ya yi teɓa sai a ce ya samu. Babu laifi ga mai ƙiba, kuma tsangwama ba ta warkar da kowa. Abin da ake buƙata shi ne ya san adadinsa: nauyi, ƙugu, suga da hawan jini, a rubuce cikin katin asibitinsa. Ya yi rigakafi idan ya samu, ya rage lemon kwalba da shayi mai zaƙi, ya riƙa tafiya a ƙasa. Ranar da mura ta zo da zazzaɓi da nauyin ƙirji, kada iyalinsa su tsaya jiran gari ya waye. Su kai shi, su kuma fara da gaya wa likita cewa yana da suga.