Kiɗan Tabarma A Meiganga: Na'ura Na Neman Raba Makaɗa Da Abincinsu

A daren wata Asabar da ta gabata, bayan sallar isha'i, an gayyace mu wani gida da ke bayan kasuwar Meiganga inda ake shirin aurar da yarinya. Mutanen da muka tarar a kan tabarmi ba su wuce talatin ba. A gefe guda ga mai goge da mai kalangu da masu ƙwarya biyu, babu dandamali, babu lasifika. Ana cikin haka sai aka ɗauke wuta, nan take wata ƙatuwar na'ura da ta cika unguwa da ƙara daga wani gidan biki ta yi tsit, jama'arta suka fara watsewa. Mai goge kuwa ko ɗaga kai bai yi ba, aka haska tocila, kiɗa ya ci gaba har ƙarfe sha ɗaya.

Wannan dare shi ya sa muka ga ya dace mu ja hankalin mai karatu kan irin wannan zama, wanda wasunmu ke kira kiɗan tabarma, domin kuwa yana neman ya gagari ido a garinmu, kuma idan ya tafi ba shi kaɗai zai tafi ba.

Gari ɗaya, kiɗa iri-iri

Meiganga ita ce hedikwatar gundumar Mbere a yankin Adamawa na Kamaru, a kan babbar hanyar da manyan motoci ke bi daga Duwala zuwa Njamena, tsakanin Garwa-Bulai da Ngaundere. Gbaya da Fulani da Hausawa sun daɗe suna zaune tare a nan, kuma kowace al'umma da irin nata zaman kiɗan.

Hausawa suna da goge da kalangu da garaya, mata kuma suna kifa ƙwarya a cikin ruwa su yi amada a tsakar gida ranar suna ko biki. Fulani suna da molonsu da maroƙansu masu wasa makiyayi da garkensa. Gbaya kuwa suna da sanza, wato ɗan akwatin nan mai harsunan ƙarfe da ake taɓawa da manyan yatsu, wanda maza ke zama da shi da daddare suna rera waƙoƙin tunani a hankali. Ga kuma samari masu jita da ganga da fiyano, waɗanda ke kaɗa makosa da bikutsi da kiɗan Kwango a ƙananan mashaya a ƙarshen mako. Tun daga shekarar 2014 da rikicin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ya koro dubban mutane zuwa sansanonin Ngam da Borgop da cikin garin kansa, an ƙara samun sababbin muryoyi da sababbin sauti a waɗannan wurare.

Abin da ya haɗa su duka shi ne kusanci. A kiɗan tabarma ba a yankar tikiti, kuma tsakanin makaɗi da mai sauraro bai wuce taku uku ba. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata idonsa na kan ƙafar mai rawa, idan ta yi sauri ya bi ta, idan ta gaji ya sassauta. Mawaƙi ya san kowa da uban kowa, da zarar wani dattijo ya yi sallama sai ya karkata waƙa ya ambato kakanninsa da sana'ar gidansu. Wanda ya ji daɗi ya miƙa dala ashirin ko takardar dala ɗari, mai hali ya liƙa jaka guda, sanƙira ya ɗaga murya ya shaida wa jama'a. Idan an tashi a zazzage abin da aka samu a raba, uban kiɗi ya ɗauki kaso mafi tsoka, har yaron da ke ɗaukar kaya ya sami na shayi.

Hasali ma wannan tabarma ita ce makarantar makaɗi. A nan yaro ke fara amshi, ya koyi yadda ake gasa fatar guza ta goge a bakin wuta don ta ɗaure, da yadda ake shafa wa izgar doki ƙaro, kafin wata rana a miƙa masa kayan. A nan ne kuma ake gwada sabuwar waƙa: idan ba ta yi armashi ba, fuskokin jama'a za su gaya wa mai ita tun kafin ya dire. Duk waɗanda muke alfahari da su ba a kan babban dandamali aka haife su ba, ko marigayi Ali Baba ɗan Garwa da ya rasu a 2004, ko Isnebo da ƙungiyar Faadah Kawtal da suka kai waƙar Fulatanci kunnen mutanen kudu, ko marigayi Ɗan Maraya Jos da ya zaga duniya da ɗan kuntiginsa.

Me ya kawo koma baya?

Na farko shi ne araha. A yau mai biki yana iya ɗauko yaro ɗaya da na'ura da ɗan katin waƙoƙi mai ɗauke da ɗaruruwan waƙoƙin Kano da Legas da Abijan, ya biya shi sau ɗaya a wuce wurin. Makaɗa kuwa mutum biyar ne ko shida, sai an ciyar da su, sai an yi musu kari. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 da waƙoƙin finafinan Hausa masu fiyano suka mamaye kasuwa, kunnen 'yan mata da samari ya koma can, kuma su ne ke zaɓar abin da za a sa a wajen biki.

Na biyu, iyayen gidan makaɗa sun raunana. A wannan yanki dukiya ta shanu ce, kuma idan kasuwar Ngawi ta ci, makaɗi ma ya ci. To amma tsakanin 2015 da 2019 masu garkuwa da mutane sun addabi makiyayan Adamawa, da yawa suka sayar da garke don fansar 'yan uwansu, wasu suka gudo cikin gari hannu rabbana. Wanda ya tsira da sauran dukiyarsa kuma ya daina son a ambaci sunansa da yawan shanunsa a bainar jama'a, alhali kuwa wannan ambato shi ne jarin maroƙi.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga korona. A ranar 17 ga Maris, 2020 gwamnati ta hana taron da ya wuce mutum 50, ta kuma umarci mashaya da gidajen abinci su rufe da ƙarfe shida na yamma. Ko da yake an sassauta dokar a ƙarshen watan Afrilu, wasu ƙungiyoyin da suka watse a lokacin ba su sake haɗuwa ba. Mun san masu ganga da suka koma haya da babur, da 'yan amshin da suka nufi ramukan zinariya na Betare-Oya. Tilas kuma a faɗi gaskiya, wasu makaɗan su suka ja wa kansu: karɓar kuɗin kafin alƙalami a ƙi zuwa, shaye-shaye, da raba dare ana hana maƙwabta barci, duk sun sa magidanta da dama suna ɗari-ɗari da su.

Wani zai ce ai akwai doka. Gaskiya ne, Kamaru tana da dokar kare haƙƙin mawallafa ta ranar 19 ga Disamba, 2000, akwai kuma ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu. Sai dai wannan rijiya ce ta wanda ke da guga. Makaɗin da bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar murya ba, bai yi boko ba, bai taɓa taka Yawunde ba, da me zai je ya yi rajista? Taskarsa tana cikin kansa, abincinsa kuma yana kan tabarma.

Laifinmu mu 'yan rediyo

Ba za mu nuna wa kowa yatsa mu manta da kanmu ba. Sau nawa muke cika zaɓi-sonka da waƙoƙin waje saboda su ne a hannu, alhali mai goge yana zaune bayan katangarmu? Akwai wani dattijo da muka yi shekaru muna cewa gobe za mu je mu ɗauke shi, har Allah ya karɓi abinsa. Abin da ya rage mana kaset ɗaya ne, shi ma danshin damina ya cinye rabinsa. Waƙoƙinsa na tarihin unguwanni da fataken da suka fara sauka a garin nan sun bi shi kabari.

Abin kunyar shi ne, baƙi sun riga mu sanin darajar abin. Wani Bafaranshe mai nazarin kiɗa, Vincent Dehoux, ya zauna da Gbaya na Afirka ta Tsakiya ya ɗauki waƙoƙinsu na sanza, ya wallafa littafi a kansu a 1986, kamfanin Ocora na Rediyon Faransa kuma ya fitar da su a faifai. Yau mutumin Paris yana iya jin su a ɗakinsa, mu kuwa da muke kwana muna tashi da masu irin wannan kiɗa ba mu da abin da za mu nuna wa jikokinmu.

Abin da za a iya yi

Ba muna cewa a fasa na'ura ba ne, zamani riga ne. Amma mai bikin da zai yi kwana uku yana shagali zai iya ware dare ɗaya ya kira makaɗan unguwarsu. Ofishin magajin gari zai iya ba su zaure sau ɗaya a wata, ba sai ranar 21 ga Yuni da ake bikin kiɗa ko ranar da babban baƙo zai zo ba. Masu wuraren shan shayi da gidajen abinci na bakin tasha, inda direbobi ke yada zango, za su iya gwada daren kiɗa su ga ko ciniki ba zai ƙaru ba; ga kuma ɗaliban makarantar koyon haƙar ma'adinai da ke garin nan, waɗanda suka fito daga sassan ƙasa daban-daban suna neman wurin hira. Su kuma makaɗa su haɗa kai, su tsaida farashi, su cika alkawari, su tashi da wuri.

Mu a namu ɓangaren mun ɗauki alkawarin fita da rakoda duk mako mu bi su har inda suke zama, mu ɗauki kiɗan da sunan mai shi da tarihinsa, mu sa a iska, mu kuma ba shi nasa kwafin ya ajiye wa iyalinsa.

Da muka tashi tafiya a daren nan na Asabar, mun lura da wani yaro ɗan kimanin shekara goma da ya zauna daf da mai kalangu tun farko, yana kwaikwayonsa da kara a kan gwangwani. Ko zai sami tabarmar da zai koyi sauran, wannan ya rage gare mu. Allah ya ba mu ikon riƙe namu.