Kilo Sittin Da Ban Saya Ba

Wata ranar Talata cikin Fabrairun 2024 ejan ɗina ya turo mini takardar lissafi ta WhatsApp. Na karanta, na ajiye wayar, na sake ɗauka. Naira miliyan 1 da dubu 120, kuɗin jirgi da na fito da na ajiya. Wata guda kafin nan, shi da bakinsa ya ce in tanadi dubu 450.

Kayan kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne: rim huɗu na alminiyam, inci 17, na motata Camry. Rami ne ya tsage mini ɗaya, aka yi walda, iska ta ci gaba da tsiyaya. Na zaga kasuwar Ƙofar Ruwa sau biyu, duk wanda aka fito mini da shi in na juya bayansa sai in ga tabon walda. Shi ya sa na yi magana da wani yaron unguwarmu da ke zaune a Dubai yana yi wa mutane sayayya. Ya je kasuwar gwanjon kayan mota a Sharja, ya samo masu tsabta a kan dala 360. Har na sa shi ya auna ramukan noti, ya tabbatar biyar ne a kan milimita 114.3, yadda Camry ke so. Na ɗauka na toshe kowace kafa.

Zuciyata ta yanke hukunci nan take: ejan ya cuce ni. Ya kira sau uku a ranar, ban ɗaga ba.

Washegari na kai takardun wurin kawuna, wanda ya yi shekaru yana fitar wa 'yan kasuwar Kano kaya daga Apapa kafin tsufa ya dawo da shi gida. Na same shi a zaure. Ya sa tabarau, ya baje takardun a kan tabarma, ya ce, "Ɗana, kafin ka kira mutum ɓarawo, bari mu bi sawun kuɗin. Kuɗi ba ya tafiya bai bar sawu ba."

Ya fara da canji. Kwastan suna lissafin fito da dala, sannan su juya ta zuwa naira da farashin hukuma na lokacin. A ƙarshen 2023 farashin da suke aiki da shi ya kusa naira 950 a dala. A farkon Fabrairu ya haura 1,300. Kawu ya buga lissafi a bayan ambulan, ya girgiza kai. Canji ya ci rabonsa, amma ko da an ba shi duk haƙƙinsa, bai isa ya mai da dubu 450 miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Akwai saura.

Sai ya ɗora yatsa a kan kuɗin jirgi. Dala 520. Ni kuwa na san yarjejeniyarmu dala 5 ce kowane kilo, kuma rim ɗaya bai wuce kilo 11 ba. Huɗu, kilo 44, dala 220. Takarda ta ce kilo 104. Na ce, "To Kawu, ga shi nan. Kilo 60 aka ƙara mini da biro."

Bai tanka ba. Ya jawo takardar jirgin, ya nuna mini gida biyu da ban lura da su ba. A ɗaya an rubuta 86, a ɗayan 104. Ya ce na farkon abin da sikeli ya nuna ne, na biyun kuma abin da aka caje ni. Jirgin sama ba nauyi kaɗai yake sayarwa ba, har da wuri. Buhun auduga ba shi da nauyi amma yana cinye gurbin da buhunan gishiri uku za su zauna. Saboda haka sai su auna tsawo da faɗi da tsayin kwali da santimita, su ninka su da juna, su raba da 6,000. Abin da ya fito su kwatanta shi da na sikeli, wanda ya fi yawa shi za ka biya. A ƙasan takardar ga awon kwalayena: 72 da 72 da 30. Kawu ya ninka, ya raba, ya fito kusan kilo 26. Sau huɗu, 104 cif.

Na yi shiru. Biro dai bai ƙara komai ba. Amma sai tambaya ɗaya ta haifi biyu. Rim mai inci 17, har da leɓensa, bai kai santimita 50 ba. Me zai yi da kwali mai faɗin 72? Sannan ko a kan sikelin ma, ta yaya 44 ta zama 86? Kwali da soso ba za su yi kilo 42 ba ko da ruwa aka jiƙa su.

Nan na soma zargin an saka kayan wani a cikin nawa, abin da kowane mai aiko da kaya ke tsoro, domin ba ka san me aka cusa da sunanka ba. Gumi ya keto mini. Kawu ya ce in kwantar da hankalina, ya aiki jikansa ya kira mai facin bakin layi, ya ce ya taho da tef ɗin awo.

Har yanzu ina ganin wannan a idona. Mai faci ya durƙusa a gindin motata, hannunsa duk baƙin roba, ya kafa bakin tef a ƙasa ya ja shi har saman taya. Ya ce, "Baba, sittin da bakwai ne." Kawu ya tambaye shi nauyin taya ɗaya irin wannan. Ya ce kilo goma, ko ta ɗan ɗara. Kawu ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. Santimita 67, ka ƙara kaurin kwali da soso, 72. Kilo 10 sau huɗu 40, ka haɗa da 44, ka ɗora nauyin kwalaye, 86.

Ya ce, "Ba rim aka aiko maka ba, ɗana. Ƙafafun mota aka aiko maka, da takalmansu."

Na ce ni ban sayi taya ba. Ya ce in duba saƙonnina da yaron nan tun daga farko. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, har na kai kan wani saƙon murya na daƙiƙa goma sha ɗaya da ya shigo ranar da aka ɗaure kayan. Na tuna ina cikin taro lokacin, na ce zan saurara anjima. Na danna. Muryar yaron cike da murna: "Yaya, albishirinka. Mai shagon ya ce ba zai cire tayoyin ba, ya bar maka su gyara. Da sauransu sosai."

Daga nan sauran takardar ta buɗe kanta. Kawu ya nuna mini cewa fito ba a kan kuɗin saye kaɗai ake ɗora shi ba; ana haɗa kuɗin kaya da inshora da kuɗin dako, a kan jimlar ake yanka. A lokacin, a kan fiton ana ɗora kashi 7 cikin ɗari, sannan harajin VAT na kashi 7.5 ya zo ya hau kan duka. Wato dala 300 da tayoyin suka ƙara a jirgi ba a jirgi ta tsaya ba, ta bi ni har cikin kowane layi na haraji, kuma da sabon canji.

Saura kuɗin ajiya na kwana biyar. A kan wannan, Kawu bai ma duba takarda ba. Tsohuwar tayar ƙaramar mota tana cikin jerin kayan da doka ta hana shigo da su Najeriya, kuma ni ban ga laifin dokar ba. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, wadda ta sha ranar Sharja kuma ta zo ta hau kwaltar Kano a watan Afrilu, ɗauke da iyalin mutum. Da aka buɗe kwalayen a filin jirgi aka ga taya, dole kaya su tsaya. Abin da ejan yake ta kira ya gaya mini ke nan.

Na kira shi a gaban Kawu. Na ce, "Alhaji, ka yafe mini, na munana maka zato." Ya ce ba komai, amma in hanzarta, kowane kwana kuɗi ne. Ya yi mini bayanin abin da ya rage: a cire tayoyin a bar su a hannun hukuma, a gyara takarda, a saki rim. Kwana ɗayan da na yi ina fushi shi ma sai da na biya kuɗin ajiyarsa.

Yaron ban yi masa faɗa ba. Tun yana ƙarami ya ga ana auna wa mahaifiyarsa gero a ƙara mata tafi ɗaya, ya tashi da sanin cewa gyara alheri ce, ba a mayar da ita. Na dai gaya masa, duk wanda zai sake yi wa sayayya, ya turo awon kwali da hoton kaya kafin a manne bakinsa.

Ya turo mini hoton da ya ɗauka a shagon ranar. Na nuna wa mai faci lokacin da yake ɗaura mini rim ɗin a tayoyina. Ya buɗa hoton da yatsu biyu har lambobin gefen tayar suka fito, huɗun nan na ƙarshe masu nuna mako da shekarar da aka yi ta: 3815. Mako na 38, shekarar 2015. Ya miƙo mini wayar, ya ɗauki sifana ya ci gaba da ɗaure noti.