Miliyoyi a Baki, Ciniki a Ofis: Abubuwan Mamaki Daga Ƙwallon Amurka

Amurkawa na da wani wasa da suke kira ƙwallon ƙafa, amma ƙafa ba ta cika taɓa ƙwallon ba. Rungumarta ake yi a ruga da ita, ko a jefa, ƙarti sanye da hular kwano suna karo kamar raguna. Babbar gasarsu ita ce NFL mai ƙungiyoyi 32, wasan ƙarshe kuma shi ake kira Super Bowl. Ko ba ka san dokar wasan ba, labarin cinikin albashinsu zai riƙe ka, don kokawar da ake yi a ofis tsakanin attajirai masu ƙungiya da 'yan wasa da wakilansu takan fi ta fili zafi. Ga kaɗan daga ciki.

Kuɗin shela daban, kuɗin aljihu daban

Mai kallon gasar Ingila ya saba da cewa idan ƙungiya ta ɗauki ɗan wasa na shekara biyar, sai ta biya shi ko da zaman benci yake yi. A NFL ƙungiya na iya sallamar mutum ran da ta ga dama, abin da ya rage a takarda ya bi ruwa, sai dai kason da aka lamunce masa tun farko, wato garanti. Saboda haka idan ka ji an ce wane ya samu kwantiragin miliyan ɗari, tambayi nawa ne garanti kafin ka riƙe baki. A 2009 Washington ta ɗauki Albert Haynesworth a kan dala miliyan 100 na shekara bakwai. Kaka biyu kacal ya buga musu, bai karɓi ko rabin kuɗin ba.

Wadda ta fi kowa karya wannan al'ada ita ce Cleveland, a 2022, da ta lamunce wa Deshaun Watson dala miliyan 230 gaba ɗaya, ko ya buga ko bai buga ba. Da dakatarwar wasa 11 da aka yi masa da raunukan da suka biyo baya, wasa 19 ya buga a kaka uku. Sauran masu ƙungiyoyi kuwa sun samu abin nuni duk lokacin da wani ɗan wasa ya nemi irin wannan.

Tukunya ɗaya, baki 53

Kowace ƙungiya na da iyakar abin da za ta kashe a albashi, kuma iyakar ɗaya ce ga mai kuɗi da marar ƙarfi. Da aka fara a 1994 dala miliyan 34.6 ce. A 2025 ta kai miliyan 279.2. A cikinta za a raba wa 'yan wasa 53, don haka duk lomar da babban tauraro ya ƙara, daga kwanon wani aka ɗebo ta. Dak Prescott na Dallas ya sa hannu a 2024 a kan miliyan 60 a shekara, abin da ya kusa ninka albashin ƙungiya sukutum a 1994. Mutum na farko da aka tabbatar an biya shi don buga wannan wasa, Pudge Heffelfinger, dala 500 ya karɓa a 1892.

Takardar da ta makara

Wannan ita ce ta fi ba ni dariya da tausayi lokaci guda. A watan Maris na 2013, Denver ta ce wa Elvis Dumervil ba za ta iya biyansa dala miliyan 12 ba, sai dai ya yarda da miliyan 8. Aka yi ta ja-in-ja har ranar ƙarshe. Idan ƙarfe biyu na rana ta yi yana kan tsohon kwantiragi, miliyan 12 ɗin ta zama wajibi a kan ƙungiya. Ana saura ƙasa da awa ɗaya ya ce ya yarda. To, shi yana Miami, ofishin ƙungiya yana Denver, kuma sai an ga sa hannunsa. Ya bazama neman na'urar faks a shagon kwafin takardu, su kuma can suna tsaye a kan tasu na'urar, ido a agogo. Shiru. Da suka ga lokaci zai ƙure, suka aika wa hukumar gasa takardar sallamarsa. 'Yan mintuna bayan haka na'urar ta yi ƙara, ga takardar Dumervil ta fito da sa hannunsa raɗau. Ɗan wasa ya yarda, ƙungiya ta yarda, amma aikin gama ya gama. Ya kori wakilinsa, ya koma Baltimore.

Dafi a cikin kwantiragi

A 2006 Minnesota ta so ɗauke Steve Hutchinson daga Seattle. Doka ta ba Seattle damar riƙe shi idan ta biya daidai abin da aka taya. Sai Minnesota ta taya dala miliyan 49, ta cusa wani sharaɗi: idan ba shi ne mafi albashi a cikin masu layin tare gaba na ƙungiyarsa ba, kuɗin duka ya zama garanti. A Minnesota shi ne zai fi kowa, don haka sharaɗin bai shafe su ba. A Seattle kuwa akwai Walter Jones da ya fi shi. Dole suka haƙura.

Ramuwar ba ta jima ba. Seattle ta taya wani ɗan wasan Minnesota, Nate Burleson, shi ma miliyan 49 cif, da sharaɗin cewa idan ya buga wasa biyar a cikin jihar Minnesota a kaka ɗaya, kuɗin duka ya zama garanti. Ina ƙungiyar Minnesota take buga wasanninta na gida? An haramta irin wannan dabara a 2011.

Turke

Tun 1993 ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yake da 'yancin tafiya inda ya so. Amma masu ƙungiya sun bar wa kansu wata igiya: kowace shekara suna iya ɗaure mutum ɗaya a turke na kaka guda, su biya shi kwatankwacin abin da manyan masu matsayinsa ke samu, ko ya so ko ya ƙi. Kuɗin da yawa, amma na shekara ɗaya ne, a wasan da gwiwa ke iya tsinkewa cikin daƙiƙa.

Le'Veon Bell ya ce ba da shi ba. A 2018 Pittsburgh ta ɗaure shi karo na biyu a kan dala miliyan 14.5, ya ƙi sa hannu, ya zauna a gida kaka guda bai karɓi ko sisi ba. Shekarar da ta biyo ya samu miliyan 52.5 a New York Jets, suka sallame shi kafin ya cika kaka biyu. Kirk Cousins ya bi wata hanya. Washington ta ɗaure shi sau biyu a jere, ya karɓe kuɗinsa bai ce uffan ba, sannan a 2018 ya tafi Minnesota a kan miliyan 84 garanti daga farko har ƙarshe. A ganina babu wanda ya iya cin kasuwar nan kamarsa, alhali bai taɓa kai ƙungiya Super Bowl ba.

Masu ƙauracewa

Emmitt Smith na Dallas ya ƙi zuwa a farkon kakar 1993 yana neman ƙarin albashi. Dallas, mai riƙe da kofi, ta sha kashi a wasa biyu na farko. Ba shiri mai ƙungiya Jerry Jones ya buɗe bakin jaka. Smith ya dawo, ya zama gwarzon gasa, suka sake ɗaukar kofi. Kowane ɗan wasa mai fushi wannan labari yake tunawa.

Ba kowa ke tuna na Earl Thomas ba. A 2018 ya nemi Seattle ta tsawaita masa kwantiragi don gudun rauni, ta ƙi. Ya ƙaurace, ya gaji ya dawo. A wasa na huɗu ƙafarsa ta karye. Ana fita da shi a kan 'yar motar ɗaukar masu rauni, ƙafa a ɗaure, ya juya wajen bencin ƙungiyarsa ya ɗaga musu yatsan tsakiya, wanda a wurinsu daƙuwa ce, kyamarori na ɗauka. Bai sake sa rigarsu ba.

Tun 2020 tsohon hannun da ya ƙi zuwa sansanin atisaye tarar dala 50,000 ce a kansa kowace rana, kuma ƙungiya ba ta da ikon yafewa. Sai 'yan wasa suka ɓullo da sabon salo: mutum ya zo sansani da sassafe, ya ci abinci, ya shiga taro, amma idan an fita fili ya tsaya a gefe cikin gajeren wando yana kallo. Ya zo, don haka babu tara. Chris Jones na Kansas City kuwa ya gwammace ya biya. Daren buɗe kakar 2023 an hango shi zaune cikin 'yan kallo a filin ƙungiyarsa, Detroit ta doke abokan wasansa da maki ɗaya a gabansa. Cikin 'yan kwanaki aka sasanta.

Sharuɗɗan da ba a so a ji

A 2022 Arizona ta ba Kyler Murray dala miliyan 230.5, amma ta rubuta cewa sai ya riƙa nazarin bidiyon abokan hamayya awa huɗu a mako shi kaɗai, ba tare da talabijin ko wasan kwamfuta na ɗauke masa hankali ba. Labari ya fita, aka yi ta tsokanarsa da yaron da aka ba aikin gida. Cikin kwanaki ƙungiya ta goge sharaɗin, bayan ta riga ta gaya wa duniya abin da take zato game da shi.

Eddie Lacy kuma sikeli aka kafa masa. A 2017 Seattle ta sa masa dala 55,000 duk lokacin da aka auna shi bai wuce nauyin da aka yanka ba.

Amaryar da ta ƙi ango

Sabon ɗan wasa daga jami'a ba ya zaɓar ƙungiya. Ƙungiyoyi ne ke zaɓa bi da bi, wadda ta fi shan kashi bara ita ce ta farko. John Elway ya ƙi Baltimore a 1983, ya ce gara ya koma wasan besbol, dole aka miƙa shi ga Denver. Eli Manning ya faɗa wa San Diego tun kafin ranar zaɓe a 2004 cewa kada su ɗauke shi. Suka ɗauke shi. Hoton nan yana nan: yana tsaye a dandamali riƙe da rigarsu, fuska kamar an aiko masa da saƙon rasuwa, hularsu ma bai sa ba. Kafin a watse aka musanya shi zuwa New York Giants, inda ya ci kofi biyu.

Da can wanda aka fara zaɓa yakan yi arziki kafin ya taɓa ƙwallo. Sam Bradford ya samu garantin dala miliyan 50 a 2010. Aka sauya doka a 2011, Cam Newton da ya zo a matsayi iri ɗaya ya tashi da miliyan 22. Bambancinsu shekara ɗaya ce. Can ƙasan jeri kuma ga Brock Purdy, na 262 kuma na ƙarshe a zaɓen 2022. Ya kai San Francisco har Super Bowl yana karɓar dala 870,000, yana raba kuɗin haya da abokin wasansa. A 2025 suka ba shi miliyan 265.

Da wakili ko babu

Ladan wakili ba ya wuce kashi uku cikin ɗari. Lamar Jackson ya ga ko wannan ya yi yawa, ya zauna da shugabannin Baltimore da kansa, aka yi ta masa dariya wata da watanni, ya fito da miliyan 260 a 2023. Jerry Jones kuma ya so ya gwada daga ɗaya ɓangaren. A 2025 ya ce ai sun gama magana da Micah Parsons baki da baki har sun yi musabaha. Parsons ya ce ba a yi komai ba tunda wakilinsa ba ya wurin. Ƙarshenta Dallas ta rabu da ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasanta, ya koma Green Bay ana saura mako guda a fara gasa.

A biya ka don ka tafi

Houston ta gaji da Brock Osweiler har a 2017 ta haɗa shi da kyautar gurbin zaɓe mai daraja ta ba Cleveland, don dai wani ya ɗauki nauyin albashinsa na miliyan 16. Russell Wilson kuwa ya buga wa Pittsburgh a 2024 a kan mafi ƙarancin albashi, wajen dala miliyan 1.2, don Denver da ta kore shi ita ke biyan sauran, kusan miliyan 38.

Akwai kuma waɗanda aka kira don cike gurbi aka sallame su. A 1987 'yan wasa suka shiga yajin aiki na kwana 24. Masu ƙungiyoyi ba su rufe fili ba, suka kwaso waɗanda aka taɓa sallama da waɗanda suka koma wasu sana'o'i, suka sa musu riguna. 'Yan cikon Washington sun buga wasa uku suka cinye duka, har da doke Dallas da wasu taurarinta suka riga suka karya yajin. Da aka janye yaji aka sallami yawancinsu, ƙungiyar ta wuce ta ɗauki kofin shekarar. Zoben zakaru da ake ba duk wanda ya ci Super Bowl bai iso hannunsu ba sai a 2018.